Ranar da Aka Yashe Ɗakin Iya da Rana Tsaka

Gidanmu na Zangon Kwatano yana ƙarshen wani lungu mai yashi. Kullum bayan magariba kakarmu, wadda muke kira Iya, takan ja murhun gawayi tsakar gida ta ɗora masara, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai masarar farko ta gasu, kuma duk wanda ya yi gyangyaɗi ya rasa rabonsa.

Ina da shekara goma a lokacin da mulkin jam'iyya ɗaya ya kau. Gari ya cika da tarurruka, rediyo ya cika da muhawara. Ɓarayi ma sun sauya salo. Sun daina jiran dare su haura katanga, sai su zo da rana tsaka, da riga mai tsabta, su ce an aiko su duba wutar lantarki ko kwashe kaya.

Namu ya faru ne wata Juma'a. Yawancin maza suna masallaci, mata sun tafi suna a unguwar Gbégamey, mu muna lekwal, wato makarantar boko. Mutum biyu suka turo amalanke har ƙofar gida, suka ɓalle kwaɗo, suka kwashe keken ɗinkin Iya, da rediyon Baba, da kwanonin tagulla da Iya ta gada daga mahaifiyarta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mutane sun gani. Malam Isa mai teburin shayi har taya su ya yi da turi da tayar ta kafe a yashi.

"Sun ce ƙaura kuke yi," in ji shi, kansa a ƙasa.

Baba direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Sèmè-Kpodji, yakan yi kwana uku bai kwana gida ba. Ya dawo daga komisariya, ofishin ƴan sanda, da takarda a hannu, ya tsaya kan Iya.

"Inna, unguwar nan ta lalace. Akwai fili a Abomey-Calavi. In gina mana gida da doguwar katanga, mu bar nan."

Iya ba ta kama sunansa saboda ɗanta ne na fari. Ta ce, "Direba, zauna ka ci masara." Sannan ta dube mu. "Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso, ku riƙe ta da kyau."

Wai an yi wani gari da sarkinsa ya hana tambaya. Duk wanda ya ce "me ya sa?" ko "kai wane ne?" sai a kulle shi. Sarkin ya mutu, dokar ta faɗi, amma bakin mutane ya riga ya saba da shiru. Wani ɓarawo ya gane haka. Sai ya riƙa shiga gidaje da hantsi, ya ɗauki tukunya, ya gai da kowa a hanya, a amsa masa. Ya ɗauki akuya, ya ɗauki ƙyauren ɗaki. Kowa ya ƙara wa katangarsa tsawo, har ya zama in maƙwabci ya yi ihu ba a jin sa.

Wata rana ya fito da turmi a ka, ya tarar da tsohuwa mai sayar da gishiri zaune a bakin lungu. Nan Iya takan sirantar da murya.

"Ɗan samari, kai ɗan gidan wa ne? Ina za ka kai turmin mutane?"

Ya ce ta rufe baki ko ya danne ta da turmin. Tsohuwa ta sake tambaya, da ƙarfi. Ya zare ido, ta ƙara. A karo na huɗu wata mata ta leƙo daga ƙofa ta maimaita tambayar, sai wani dattijo, sai gari gaba ɗaya. Ɓarawo ya ajiye turmi ya ruga.

Iya ta juya masara ta ce, "Ta ƙare. Ni kuwa a gidan nan aka yanke mini cibiya. Ƙato biyu da amalanke ba za su tashe ni ba."

Washegari Baba ya kawo maƙeri ya sa wa ƙofa sandar ƙarfe da sabon kwaɗo, ya toshe tagar baya. Iya kuma ta bi gidajen lungu ɗaya bayan ɗaya. Ta sa mata suka yarda ba za a sake tafiya biki gaba ɗaya ba, kuma duk mai yin tafiya ko ƙaura ya faɗa tun da wuri. Ita da kanta ta ɗauki kujerarta ta ƴar tsugune ta kafa a bakin lungu, kusa da teburin Malam Isa.

Bayan kamar wata biyu, ina dawowa daga lekwal na tarar da ita ta tare wasu mutum biyu, ɗaya da jaka a kafaɗa. Sun ce wuta suka zo gyarawa a gidan Hajiya Ladi, wadda ta tafi Legas saro kaya.

"Wa ya aiko ku? Ina takardarku?"

"Tsohuwa, matsa ki ba mu hanya."

"Ba zan matsa ba. Malam Isa, zo ka ji sunan wanda ya aiko su."

Malam Isa ya taso da ludayin shayi a hannu, mata suka fara fitowa. Mai jakar ya dubi lungun, ya ja hannun ɗan'uwansa, suka tsayar da zemijan, babur ɗin haya, suka haye. Iya ta koma kujerarta, ba ta tashi ba sai la'asar.

Keken ɗinkin bai dawo ba, kwanonin ma haka. Iya ta rasu a ɗakinta, ba ta taɓa kwana Abomey-Calavi ba. Ni ce aure ya kai can, cikin gida mai katanga da fasassun kwalabe a kai, inda na yi shekara biyu ban san sunan maƙwabciyata ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin labarin tsohuwa marar tsoro. Sai ranar da na ga mota a ƙofar maƙwabtan ana loda firji, masu gida ba sa nan. Tsoro ya kama ni, na gane tsohuwar ma tsoro take ji. Na fita na tambayi mai lodin ko shi wane ne. Ya harare ni ya ce ƙanin mai gidan ne, gyara zai kai, kuma me ya shafe ni. Na tsaya gaban motar na ce ya kira yayan nasa in ji muryarsa.

Gaskiya ya faɗa. Ya tafi yana ƙunƙuni cewa matan unguwar nan sun cika shisshigi. Ban ba shi haƙuri ba.