Ranar da Na Zura wa Surukina Ido

Cikin duk wahalar neman aiki da na sha, akwai rana ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe sauran. A nan Kaduna abin ya faru, cikin shekarun saba'in, lokacin da kowane ma'aikaci yake son ya shigar da rediyo da keken ɗinki gidansa.

Na gama sakandare ina zaune a Abakpa gidan yayana, ina cin tuwonsa, ina karanta jaridarsa bayan ya gama. Akwai yarinyar da nake nema a Unguwar Rimi. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne mai magana ɗaya. Ya ce ba ya ƙina, amma ba zai sa rana da mutumin da ba shi da inda zai je da safe ba, kuma ko na sami aikin, maganar ƙarshe tana bakin yayansa, baffan yarinyar, wani Alhaji ɗan kasuwa. Ga kuma wani mai babur basfa da ya fara zarya a layinsu, ni kuwa ko keke sai na ara.

Ana nan sai aka ce wani kamfani yana ɗaukar samari masu tallar kekunan ɗinki. Abokina ya riga ni zuwa, ya dawo kamar an yi masa mutuwa. Ashe manajan bai daɗe da dawowa daga kwas a Ingila ba, inda ya koyo ilimin karanta halin mutum. Abokina ya shiga da ladabinsa na gida, ya rusuna, ya sunkuyar da kai, shi kuwa manaja ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wanda ba ya iya kallon idon mutum ko maƙaryaci ne ko matsoraci, kuma babu wanda zai sayar da keke a cikinsu.

"Ka zura masa ido," in ji abokina. "In ya ba ka hannu ka matse. In ya tambaye ka, ka yabi kanka kamar maroƙi. Duk abin da aka dake mu a kai muna yara, shi yake so."

Sai na kama atisaye. Na fara da madubi, na koma kan tunkiyar yayana, ita ce ma ta fara kau da kai. Na gwada a kan mai shayin layinmu, ya tambaye ni ko kaina na ciwo. Matar yayana ta ce in na sake yi mata wannan kallon za ta haɗa ni da mijinta. A nan na tabbata na ƙware.

Ranar ganawa na tarar da samari cike da benci, kuma ga alama duk sun ji labarin, don kowa ya ƙura wa na kusa da shi ido kamar za a yi dambe. Da aka kira ni na buɗe ƙofa da ƙarfi, ƙirji a gaba. Manaja na zaune da kwat da taye. Kusa da shi kuma wani dattijo ne da babbar riga yana jan carbi. Baffan yarinyar da nake nema. Babu wanda ya gaya mini yana da hannun jari a kamfanin.

In na durƙusa, aiki ya tafi, yarinya ta bi shi. In na zura ido, na sami aiki, amma wane dattijo ne zai ba marar kunya 'yarsa? Kafin in gama lissafi manaja ya miƙo hannu, na matse. Alhaji ma ya miƙo nasa. Hannun da ya kamata in tara da hannu biyu ina rusunawa, na kama shi na murƙushe har na ji zobensa a tafina.

"Samari, ana dai cin abinci," ya ce, ya duba yatsunsa.

Na zauna, tebur a tsakaninmu. Manaja ya ce in gaya musu dalilin da zai sa su ɗauke ni su bar na waje. Na ɗaga kai na kalli tsakiyar idon Alhaji, na ce duk Kaduna babu mai bakina, kuma in aka ba ni keke zan sayar wa matar da ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Ina magana ina jin kamar tsirara nake a kasuwa. Ana cikin haka carbin Alhaji ya suɓuce. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya ɗan jima, ya ɗago da carbinsa.

"Ka gani, Alhaji?" in ji manaja. "Irin wannan nake faɗa maka."

Na sami aiki, amma ban taɓa yin baƙin ciki irin na ranar ba. Da na je zance, yarinyar ta ce Baffa ya zo gidan, ya ce ya gan ni, ya yi dariya. Ta tambaye ni me na yi masa. Na ce hannu kawai muka yi.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko in zo. Na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa can nesa da tabarmarsa.

"Ɗago ka kalle ni mana, ai ka iya," ya ce.

Wallahi ko da bulala ba zan iya ba.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Cewa aka yi haka ake so."

"Na sani. Kowa da ya shigo ranar haka ya yi mana, har idona ya gaji. Shi manaja ido aka koya masa, ido yake kallo. Ni kuwa carbina na yar da gangan. Cikin duk waɗanda na leƙa, kai kaɗai na tarar ƙafarka ta zare takalmi da kanta. Sama kana ta cika baki, ƙasa kana zaune ba takalmi a gaban babba. Na ce to, bakin na kamfani ne, ƙafar ta gida ce. Je ka turo manyanka."

Har yau ban tuna lokacin da na cire takalmin nan ba, ban kuma tuna lokacin da na mayar ba. Mai basfa dai ya zo ɗaurin aure, ya ci goro.

Na tsufa a harkar ciniki, ni ma na zauna a bayan tebur na ɗauki mutane da yawa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk halin da mai ɗaukar aiki ya ce yana so, gobe da safe zai tarar da shi cike da benci, an wanke an goge. Halin gaske yana inda mutum bai san ana kallo ba. Shi ya sa yaran ofishina suka yi ta mamakin yadda biro ba ya zama a hannuna ranar ɗaukar ma'aikata.