Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Kakanninsa ne suka taho da wannan kunyar daga yamma a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Tafiyar ta tsaya musu a garin Umdurman na ƙasar Sudan, kunyar kuwa ta zauna daram. Ƙannena har kafaɗarsa suke hawa, ni ko saƙonsa ta bakin Inna yake iso mini. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Hartum, inda na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, aka ba mu bincike kan yadda mutane ke yanke shawara idan akwai kasada. Wasa ne a intanet. Balan-balan ke fitowa a fuskar waya, kana dannawa yana kumbura, maki na ƙaruwa. Ka tsaya, makin naka ne. Ka zarce ya fashe, ka tashi a tutar babu. Ko sisi ba a sawa. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro shi caca suka kira shi, wanda ya mayar da shi Larabci kuma bai sakaya ba, ya rubuta kalmar ɓaro-ɓaro a saman shafin.

Malamarmu ta ce ta gaji da amsoshin ɗalibai, mu nemo dattawa. Dattawan da na sani suna layin teloli a Kasuwar Umdurman, inda Baba ke ɗinka jallabiya, kuma shi ke jan su sallar azahar a kan tabarmin da suke shimfiɗawa bakin shaguna. Na ce wa kaina maƙwabtansa zan nema. Gaskiyar magana, so nake ya gan ni ina aiki.

Maƙwabcinsa, wani tsoho mai yawan raha da muke kira Baffa, ya ture wayar. "Ya bitti, 'yata, idona ya gama aiki. Ba babanki mana."

Baba bai ɗago ba. Keken ɗinkinsa ya kalla ya ce, "A ce mata ta ajiye nan."

Ƙa'idar binciken ita ce mai bincike ya zauna kusa da mai wasan, kuma kada ya ba shi shawara. Na zauna kan ƙunshin yadi, gwiwata ta kusa taɓa tasa. Tun da na yi wayo ban taɓa matsowa kusa da shi haka ba.

Mutumin da sai ya auna yadi ya sake aunawa kafin ya sa almakashi, a balan-balan na farko da wuri ya tsaya. Na biyu ya ɗan ƙara. Can sai na ga ya tura rawaninsa baya. Ɗaya ya fashe, ya ce "La!" ya ƙyalƙyale da wata dariya da ban san yana da ita ba. Kekuna suka yi shiru, teloli suka taso suka kewaye mu, wannan na cewa tsaya, wancan na cewa ƙara. Wani balan-balan ya kumbura har ya cika fuskar wayar. Baba ya cafke wuyan hannuna, ya kira sunana, sunana na yanka, da ƙarfi, a gaban kowa.

"In tsaya ko in ƙara?"

Abin da na shekara ashirin da ɗoriya ina jira ke nan. Ni kuwa, 'yar boko mai biyayya, na buɗe baki na karanto masa abin da aka sa mu haddace: "Shawara taka ce." Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya danna. Ya fashe.

Daga nan ne Baffa, mai idon da ya gama aiki, ya sunkuyo ya karanta saman shafin. "Ƙimar? Ya Haj, caca kake yi?"

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Baba ya saki hannuna kamar ya taɓa garwashi. Maimakon in yi shiru, sai na miƙe ina bayani: ba kuɗi, ilimi ne, suna ne kawai. Yarinya tana wa dattawa lacca a kan uban da ya haife ta. Garin gyaran gira na rasa ido.

Aka kira salla. Baba ya yi alwala, ya zo bakin tabarma, ya tura Baffa gaba, shi ya koma sahu na biyu. Ina tsaye da waya a hannu, na ga ƙeyarsa a inda ban taɓa ganinta ba.

Na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, na koma gida unguwar Dar Salam, na shige ɗaki na ƙi cin abinci. Ina jiran hukunci, kuma na san ta inda zai zo. Bayan la'asar Inna ta ɗaga labule.

"Babanki ya aiko."

Na sunkuyar da kai.

"Ya ce a tambayi yarinyar nan, abin da ya yi ya ishe ta cin jarrabawar, ko sai ya sake?"