Irin Dawar Lami

Har gobe ba zan manta da wata Laraba ta farkon damina ba, a shekarata ta biyu ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci na wani ƙauye a gefen Malumfashi. Ku sababbin malamai ku san tsarin: ana ba ki aji da rajista, mai duba azuzuwa ta zo sau ɗaya a zango, in ta tarar da benci wayam ta rubuta a rufe. Nawa ajin kuwa ya zube. Wasu sun koma gona, waɗanda suka rage hamma suke yi.

Laifina ne. Ba mu da littattafai, ni nake rubuta musu gajerun labarai in kai Funtua a buga. Kowane labari sai na fara da shafi guda na nasiha, sannan in kawo wata baiwar Allah wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba. Da Hajiya mai dubawa ta aiko cewa tana tafe, na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya, in koma kan takarda, in yaga, in sake. Sau biyu miya tana kamawa. Maigidana ya leƙo ya ce, "Maman Sadiya, ko labarin za mu ci yau?"

Lokaci ne ya ƙure mini, ba wayo ba, na jefar da nasihar na fara kai tsaye: "Lami ta shiga madafa ta ɗaga kai, zangarniyar dawar da ta rataya a hayaƙi don iri babu ita." Mijinta ne ya ba ƙanensa, ga ruwa ya sauka, gobe shuka. Na rufe da cewa Lami ta yi shiru, ta ce Allah ya ba da lada.

Ranar Larabar mata bakwai suka zo. Hajiya ta zauna a baya da rajista a cinya. Na miƙa takardar ga Mama Saratu, wata dattijuwa Kirista daga wajen Gozaki, wadda sai ta huta kafin ta haɗa kalma ɗaya. Ta bi layi da yatsa. Da ta kai ƙarshe sai ta kife takardar.

"Malama, wannan Lamin taki ba 'yar nan ba ce."

"Don me, Mama?"

"Gandu na maigida ne, gayauna kuwa 'yar gonarta ce ta kanta, irin kuma nata ne. Ta zaɓi zangarniya ɗaya-ɗaya tun kaka, a kwashe, ta ce lada? Ni kafin ya wanke ido na isa gidan ƙanen nan."

Indo, wadda kullum ciwon ido take kawowa in an zo karatu, ta ce, "Mama, miƙo in gani, ƙila ke kika tsallake layi." Ta karanta shafin tas don ta kare Lami. Musu ya kaure, takarda tana yawo hannu zuwa hannu. Ni dai ina satar kallon Hajiya, na ɗauka surutun nan ya gama da ni.

Sai Hajiya ta ɗago ta ce, "To Malama, an shuka gayaunar ko ba a shuka ba?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba."

"Ki bar su su gaya miki, a rubuce." Ta sa hannu a rajista, aji ya tsira.

Abin da na koya ke nan. Ki sa damuwar a layin farko. Ki ba mutumin labarinki abin da yake tsoron rasawa, kuma ya yi abin da mutanen garin za su yi. Darasin zai fito da kansa. Mace ba za ta baro gonarta ta zo haɗa baƙi don a yi mata faɗa ba, amma za ta zo don ta ga yadda 'yar'uwarta ta ƙare, ko don ta kama malama da ƙarya.