Makon da Kawu Ya Sayar Mini

A shagon Kawu da ke Ras Al Khor aka yi cinikin, cikin warin baƙin mai da ƙarar masu yankan ƙarfe. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe a Dubai yana sayen kayan gyaran mota na hannu yana turawa Kano. Shi ya yi mini hanya na zo ƙasar nan, shi ya samo mini aikin da nake yi har yau a wani ofishin kago, masu tura kaya ta jirgi, a unguwar Port Saeed. Saboda haka in ya kira ni ba na tambayar dalili, takalmina kawai nake nema.

A lokacin kasuwa ta juya masa baya, ya yanke shawarar tattara nasa ya nasa ya koma gida. Na same shi zaune kan wata tsohuwar kujerar mota, yara suna loda ragowar kayan shagon. Ya aika aka kawo mana shayi, ya bari sai da na kurɓa, sannan ya ce, "Ɗana, akwai abu ɗaya da ba ya shiga kwantena."

Ya miƙo mini wayarsa. Hotunan na san su, duk dangi sun san su, don sun zaga guruf ɗinmu har sun gaji da zagawa. Kawu ne cikin farar babbar riga ranar Babbar Sallar da ta wuce, tsaye a barandar wani otal, teku shimfiɗe a bayansa. A Kano har ana cewa Kawu ya sayi gida a bakin ruwa.

"Ba gida ba ne," in ji shi. "Ka san adashi? To haka yake. Fulat ɗaya ne, masu shi da yawa, kowa da makon kwasarsa. Duk shekara in makonka ya zo a ba ka makulli, khalas, shi ke nan. Nawa kuwa makon Babbar Sallah ne, makon da kowa ke rububi. Ba na so ya faɗa hannun bare." Ya gyara zaman hularsa. "Ka kawo Yaya mana. Ta yi Sallah a wurinka ko sau ɗaya ne."

Yaya da yake nufi ita ce Umma, mahaifiyata. Da wannan maganar ya gama da ni, kuma ina jin ya sani.

Ni da maiɗakina da yaranmu biyu a ɗaki ɗaya muke a Al Khabaisi, cikin wani fulat da aka yayyanka da katako. Maƙwabcinmu ɗan Zangon Kumasi ne, mutumin kirki, in ya yi tari a nasa ɓangaren mu ne ke ce masa sannu. Banɗaki ɗaya ne, da safe layi ake yi. Na yi shekaru ban yi Sallah da Umma ba. Hutun Sallah 'yan kwanaki ne, ba sa isa a je Kano a dawo, hutun shekara kuma sai lokacin da manaja ya ga dama. Abin da nake so bai da yawa. Ina so a ce ofis a rufe yake, wayata ba ta ƙara, Umma tana zaune a wuri mai mutunci, ni kuma ina ƙasa kusa da ƙafarta muna hira har mu gaji. Ta tsufa, gwiwa ta fara hana ta sakat, kuma na san irin wannan damar ba ta jiran mutum.

Ban yi tayi ba. Wa yake taya kayan kawunsa? Ya faɗi abin da ya faɗa, na ce Allah ya sa albarka, na kwashe ɗan abin da muka tara na ba shi. Muka je ofishin masu otal ɗin aka mai da sunana a madadin nasa. Takardar kuwa na karanta ta, ni da aikina ke nan daga safe zuwa yamma, karatun takardun kaya. Babu abin da aka ɓoye. Kwanan watan yana nan ɓaro-ɓaro da lissafin watan Bature, tsakiyar zafi. Na gani, Kawu ya gani, muka sa hannu muna murmushi.

Har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini. Albashinmu da biza da kuɗin haya duk da watan Bature suke tafiya, amma azumi da Sallah da watan sama. Yaron goye ma ya san Sallah tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara. Amma tunda Kawu ya kira abin makon Sallah, kuma ga hoto da babbar riga, sai kaina ya kulle a nan. Manyan mutane biyu da gemu, babu wanda ya ce tsaya.

Na kira Umma na yi mata albishir. Ba ta cika nuna ɗoki ba, amma ƙanwata ta gaya mini kafin magariba duk layinmu sun ji cewa Hajiya a Dubai za ta yi Babbar Sallah, a gidan ɗanta na bakin ruwa. Ta ba da ɗinki. Ta fara gwada tafiya daga ƙofar gida zuwa bakin titi wai tana horar da gwiwa.

Bayan Ƙaramar Sallah na kira otal ɗin don in roƙi a ba mu kusa da lifta saboda tsohuwa. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka, ta karanto mini ranar shiga da ranar fita. Na ce a'a, ta duba da kyau, nawa makon Idi ne. Ta ce ita ba ta da wani mako mai suna Idi, lamba ce da ita, kuma lambata ba ta motsi. Na jawo kalandar teburina ina kallo. Sallar bana za ta zo ta wuce, a gama hutu, a koma aiki, sannan makona ya fara. Na tambaya ko za a musanya mini. Ta ce kwanakin Idi sun cika tun tuni, amma za ta sa ni a jerin masu jira, inshallah. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san irin wannan inshallah ɗin.

Na fita bakin rafi inda jiragen katako suke lodi, na kira Kawu a Kano.

"Innalillahi! Wa ya canza?" in ji shi. "Ba ni lambarsu, ni zan yi musu magana."

"Babu wanda ya canza, Kawu. Makon yana nan inda ka bar shi. Sallar ce ta matso."

Can ya ce, "Wallahi ɗana ban kawo wannan a raina ba. Sau ɗaya na shiga, kuma ranar Sallah ce." Sai kuma ya ce, da 'yar muryar lallashi, "To a yi haƙuri da bana, baɗi sai a gyara."

"Baɗi ta ƙara nisa, Kawu."

Na yarda da shi, ban taɓa zargin ya cuce ni ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da damfara ce da na sami wanda zan yi wa faɗa in huce. A tsaye a wurin na yi lissafi a ka, na ga kafin Sallah ta zagayo ta sake faɗawa cikin makon nan, na kai shekarun da Umma take da su yanzu. Na koma ofis na ci gaba da buga takardun mutane.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka kawo ta ta yi Sallar a nan mana. Mu bar mata gadon, ni da yara mu kwanta ƙasa. Uwa ce fa, ba baƙuwa ba."

Na hau ta da faɗa. Na ce ita za ta tsaya wa Umma a layin banɗaki da ƙartin mutane? Matar da ta gama gaya wa unguwa gidan bakin ruwa, in kawo ta bayan katako tana jin tarin maƙwabci? Ta ce to. Tana da irin wannan "to" ɗin da ya fi zagi ciwo. Na kira Umma na ce an sami ɗan tsaiko, sai bayan Sallah da 'yan kwanaki. Ta ce, "Allah ya kai mu," ba ta tambayi ko mene ne ba.

Sallar ta zo. Muka je Idi da sassafe tun kafin rana ta fara dukan mutane, muka karɓo nama a leda daga mayanka, muka dawo ɗaki. Kwanakin nan da na yi shekaru ina tanadi, a kwance na cinye su ina kallon silin, yara suna tsallake ni. Ban taɓa jin gajiya irin ta hutun nan ba.

Ranar da aka koma aiki na tarar da abin da kowane ɗan kago ya sani. Kwantenonin da suka taru lokacin hutu suna jira, 'yan kasuwa daga Kano da Yamai suna ta kira kamar mu muka riƙe musu teku. Na shiga wurin manaja na ce mahaifiyata za ta zo, ina neman ko kwana biyu. Ya cire tabarau ya dube ni. "Habibi, yau ka dawo daga hutu. Yalla, bayan wannan watan mu yi magana." Bayan wannan watan makona ya zama na wani.

Umma ta sauka ranar da aka ba mu makulli. Wannan ne zuwanta na farko, kuma har yau ba ta sake ba, gwiwar ta ƙi, ni kuma duk shekara ina biyan kuɗin kula da ɗakin da na rasa wanda zan sayar wa. An turo ta a keken guragu daga jirgi, sanye da atamfar da ta ɗinka don Sallah. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban idona ba. In tana da magana da ni, ta bakin wani take bi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon jikokinta. A mota ta ciro wata roba daga jaka ta miƙa wa maiɗakina. "Dambun naman layya ne. Ki ajiye masa, rabonsa ne."

Wurin kam Kawu bai yi ƙarya ba. Falo mai faɗi, ɗakuna biyu, banɗaki har da ƙarfen dafawa. Umma ta zauna a kujerar da ke fuskantar gilashi ta ce masha Allah. Baranda ba ta fituwa, zafin lokacin in ka buɗe ƙofa kamar ka leƙa tanderun burodi. Na zauna da ita bai fi a sha shayi ba, waya ta yi ƙara, wani kaya ya maƙale, na ce yanzu zan dawo.

Haka makon ya tafi. Otal ɗin yana can ƙarshen gari, Port Saeed tana wannan ƙarshen, tsakaninsu cunkoson da ke tsufar da mutum. In na idar da asuba sai in gaishe ta daga bakin ƙofa tana kan sallaya, ta ɗaga mini hannu da carbi, in fita da gudu. In na dawo ta yi barci. Maiɗakina ta ce kullum sai ta jira a kujerar nan da hijabinta har gyangyaɗi ya kwashe ta, sannan a lallaɓa ta a kai ta gado. Ranar Lahadin da na sa rai ma aka kira mu. Ina zaune a ofis ina cin dambun da burodi a kan takardu, ina jin kamar in kifa kai a teburin in yi kuka, ga wani Alhaji a waya yana tambayata ina tayoyinsa.

Yara sun more, ba zan hana su ba. Sun yi wanka a kwamin iyo har suka yi baƙi. Umma ta koya wa babbar tufka, ta ba su labaran yarintata, har da waɗanda da ina wurin da na hana. Duk wannan a bakin maiɗakina na ji, ina cire takalmi ido na rufewa.

Ranar fita na roƙi rabin yini don in kai ta filin jirgi. Na iso na tarar an haɗa kaya. Masu shara suna tsaye a bakin ƙofa da kekensu na zannuwa, don da yamma mai makon gaba zai shigo. Umma tana kujerarta, mayafi a kafaɗa, jakar hannu a cinya. Na durƙusa gefenta. Ina so in ji ko kalma ɗaya ce da za ta sa in ce kuɗin nan da wahalar nan ba su tafi a banza ba.

Na ce, "Umma, yaya kika ga wurin?"

Ba ta juyo ba. Ta gyara bakin mayafinta, ta dubi maiɗakina da ke ɗaure wa ƙaramin takalmi.

"'Yar nan, ki ce masa wuri ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ruwa kam na kalle shi har na ƙoshi." Ta dafa hannun kujera tana neman miƙewa. "Shi ne dai ban gani ba."

Na kama ta ta tashi, na ɗauki jakarta. Mai shara ta tambaya ko mun gama, na ce mun gama.