Ranar da Na Katse wa Mutane Sallah

Har gobe ban manta da ranar da na katse wa mutane sallah ba, kuma ku sababbin shiga aikin nan gara ku ji daga bakina.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani kamfanin abincin kaji da ke hanyar Rigachikun. Muna da rumbunan ƙarfe uku na masara, dogaye, tsaye kan ƙafafu. A jikin kowanne mun liƙa 'yar na'ura kamar kwalin ashana, sensa muke ce mata. Aikinta jin girgiza da karkata. Ba waya a jikinta, ta iska take aika abin da ta ji zuwa kwamfutar ofishina, kwamfuta ta ajiye ta zana layi. In girgizar ko karkatar ta wuce ƙa'ida, jiniya ta ɗauka.

Matsalarmu tireloli. Duk wadda ta bi ta gindin rumbu na biyu sai ƙasa ta girgiza, jiniya ta cika wuri. Manajanmu, Alhaji Sabo, ya gaji. Ya ce, "Injiniya, ka san yadda za ka yi da abar nan taka, ta hana mutane aiki." Ni kuma, da ragwancina, maimakon in zauna in gyara sai na kashe jiniyar, na ce zan riƙa duba layin kowace safiya. Kwana biyu na duba, shi ke nan.

Bayan mako biyu, wata Talata cikin damina, an kwana uku ana ruwa, na buɗe kwamfutar don haɗa rahoto. Girgizar tirela na san ta: layi ya yi tsalle ya dawo. Wannan karon layin rumbu na biyu bai dawo ba. Kwana tara yana hawa a hankali, tun safiyar ranar kuma ya miƙe sama. Na ce ko batirin sensar ne. Batir lafiya lau.

Na leƙa taga. Rana ta fito, ma'aikata sun shimfiɗa tabarmi a inuwar rumbu na biyu, inda suka saba yin azahar. Sahu biyu, har sun tayar, Malam Garba mai awo ne liman.

Ban san yadda na sauka matakala ba. Amma da na isa bayan sahu sai na ƙame. Ni da tun ina yaro ko gaban mai sallah ba na giftawa, yau in yi musu ihu? Zuciyata ta ce jira su sallame, minti nawa ne. Ina tsaye sai na ji ƙarfe ya ce ƙas a sama, ƙwayoyin masara suka fara zubowa kan tabarma.

Na ce, "Ku tashi! Rumbu zai faɗi!" Suna sujada, ba wanda ya motsa. Na ratsa sahu na damƙi kafaɗar Malam Garba. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Kowa ya fita, a bar takalma."

Rumbun bai faɗi ba. Kwana biyu ana kwashe masara, sannan aka ga ruwa ya cinye ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kusoshinta biyu sun tsinke. Alhaji Sabo ya yabe ni gaban jama'a, Malam Garba ya yi ta sa mini albarka. Wallahi yabon ya fi zagi ciwo. Na kasa jurewa, na ce, "Baba, ni na kashe jiniyar. Da tana kunne, da tun kwana tara an hana ku zama nan."

Ya ce, "Sallah dai mun rama ta, Injiniya. Da mutum ne, ba mai ramawa. Je ka kunna."

Na kunna. Abin da na koya shi ne, sensa ba ta ceton kowa in ba mai duba abin da ta rubuta. Shi ya sa kuke ganina kullum da safe ina buɗe layin nan kafin in amsa gaisuwarku.