Ntate Lebusa da Ungulayensa

Duk ƙauyenmu ba mai son zama inda iska ke bugowa daga wajen Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa da yarenmu. Ba mugun hali gare shi ba, warin aikinsa ne. Shi ke kai wa ungulaye mushe a gandun dajin da ke saman duwatsunmu na Maloti, inda baƙi ke zuwa hawan dutse da kallon namun daji, in sanyi ya shigo kuma su ɗaura katako a ƙafa su yi ta zamiya a kan ƙanƙara kamar marasa aikin yi. Ni zannuwan gado nake wankewa a masaukin baƙin. Gidana na jikin nasa, kuma tun muna yara bakina bai bar shi ya huta ba.

Ƙuruciyarsa duk a ramin zinariya na Afirka ta Kudu ta ƙare. Ya dawo da tari da yatsu tara, ya tarar an kewaye makiyayar da ubansa ya yi kiwo an ce ta zama gandu. Da aka nemi mai ɗaukar mushe kowa ya toshe hanci, shi ya ce a ba shi. In tunkiya ta mutu ko doki ya karye aka yanka, sai a aika masa. Ya sassare, ya ɗora wa jakunansa, ya hau har wani falalen dutse a bakin kwazazzabo ya zube. Kusa da wurin akwai ɗakin ɓuya mai tagar gilashi inda baƙi ke laɓewa da kyamarori. Ungulayen da kowa ya sani su suke fara sauka su cinye naman. Bayansu sai wata irin ungulu da muke kira mai gemu, wadda dominta baƙin ke tsallako teku. Ita ba ruwanta da nama, ƙashi take ci. Ƙarami ta haɗiye, babba ta yi sama da shi ta sako a kan dutse ya farfashe.

In na gan shi ya sauko sai in ɗaga murya, “Ntate, ya ka baro matanka na sama?”

“Lafiya lau, ausi 'yar'uwata. Su in sun ci sun ƙoshi shiru suke yi, ba kamar wata ba.”

“To ka yi wanka kafin ka shiga gida, kada matarka Mme Masentle ta suma.”

“Ta saba. Ke dai je ki wanke fitsarin baƙinki.”

Yana son tsuntsayen nan, ba wasa ba. Lokacin da ya fara aikin, sai a daɗe ba a ga mai gemu ko ɗaya ba. A hannunsa suka yi yawa, har yana gane kowacce da fiffikenta.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Sentle, ƙaƙƙarfan saurayi mai yi wa masu hawan dutse jagora. A wani lokacin sanyi ya hau dutse da baƙi, ƙanƙara ta rufto musu da rana tsaka. Ya tattaro su ya kai su bukkar makiyaya, sai ya ƙirga ya ga babu ɗaya, wani mai bin gwanki da kyamara. Ya ja bargonsa ya koma nema. Baƙon ya ɓullo ta wata hanya da ƙafarsa, ya sha shayi, washegari ya shiga mota ya tafi. Har yau in na tuna da mutumin nan raina ɓaci yake yi, ko da yake na san ba shi ya saukar da ƙanƙarar ba. Sentle kuwa shiru. Mazan ƙauye suka fita da dawakai, aka kawo jirgin sama ya yi ta kewaya tsaunuka, daga baya aka ce a jira ƙanƙara ta narke.

Jira ke da sauƙin faɗa. A wajenmu uwar mamaci kan katifa take zama a ƙasa, ba ta tashi sai an binne. Ba a aske kai, ba a ɗaura baƙin ƙyalle a wuya, ba a yanka bijimi, sai an ga kabari kusa da na kakanni. Mme Masentle ta zauna kan katifar nan sanyi guda. Ina kai mata tuwon masara da ganye, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. A can sama kuwa baƙi na ta zamiya suna ihu, ni ina shanya zannuwansu suna daskarewa a igiya.

Da iska ta fara ɗumi, Ntate Lebusa ya same ni a wurin wanki. Ya zo ya tsaya mini a ka.

“In mutuwa ka zo yi, matsa daga kan zanina,” na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ausi, tsuntsayen nan sun fi jirgi ido. Ungulu ba ta jewar banza. Amma mai ƙoshi ba ya nema. In na ci gaba da ba su, nan za su zauna su jira ni.”

“In ka hana su fa?”

“Za su nemo mini shi.”

“Su nemo maka shi su ajiye maka? Ntate, kai ka fi kowa sanin abin da mai gemu ke ci.”

“Na sani. In na bari kuma, diloli ne za su watsa shi inda ko Allah ya kai ni ba zan gane ba. Matar nan za ta mutu a kan katifa.”

Gaba kura, baya sayaki.

Daga ranar ya ci gaba da hawa da jakunansa kamar kullum, amma kafin ya kai falalen sai ya ratse ya tura mushen cikin wani kogo ya toshe da duwatsu. Baƙi suka riƙa zama a ɗakin ɓuya tun safe suna kallon dutse fayau. Manajan gandun, wani mutumin birni mai yawan goge takalmi, ya tare shi a gabana.

“Ntate, ina tsuntsayena? Mutane sun zo daga nesa, suna ta ƙorafi.”

“Naka ne? To kira su mana.”

“Ba wasa nake ba. Ana ba ka mushe kullum.”

“Ni ma wani nawa nake nema a dutsen nan, ranka ya daɗe. Wanda ya fara ganin nasa sai ya gaya wa ɗan'uwansa.”

Ban taɓa son manajan nan ba, amma ranar ya yi abin kirki, ya juya ya tafi.

Kullum tsohon yana kan tudu, tari na cin sa, idonsa a sama. Wata safiya ya hango su can yamma suna jewa a kan wani kwari da ba wanda ya yi zaton Sentle zai kai. Ya hau doki ya bi. Tsakaninsa da wurin akwai kwazazzabon da doki ba ya sauka, ga kogi ya cika da narkakkiyar ƙanƙara. Daga wannan gefen yana ganin komai. Ya yi ihu, ya kaɗa bargo, ya yi jifa, amma tsuntsayen sun san shi, ba sa tsoronsa. Da bakinsa ya gaya mini yana tsaye ya ga wata mai gemu, wadda ya sani tun tana 'yar tsako, ta tashi da dogon ƙashi ta sako. Ya ce ƙarar da ya saba ji ce a wurin aiki, ba wani bambanci. Kafin ya zagaya ta mafarin kogin ya iso, rana ta yi nisa.

Ya dawo da bargon Sentle, da takalmin roba, da ƙoƙon kai, da 'yan gutsattsarin da ya tsinta a kan duwatsu. Duk ya ƙunshe su cikin bargon, ƙunshin bai kai kabewa biyu ba. Bai shiga gida da shi ba, wurina ya zo.

“Ausi, ba ni tsofaffin zannuwa.”

“Ka yi me da su?”

“Akwatin gawar babba ne. Ba na son ta ji shi wayam.”

A bayan gidana muka yi aikin. Ya ɗebo duwatsu daga rafi, ni ina naɗe kowanne da zani don kada su yi ƙara, shi yana jerawa, ƙunshin a tsakiya. Ina naɗi ina kuka. Shi ko hawaye bai yi ba, sai auna nauyin yake da hannu yana ƙarawa. Aka gaya wa mutane gawar ta daɗe, ba za a buɗe ba.

Da aka shigo da akwatin ɗakin da Mme Masentle ke zaune, mata suka fara waƙar coci. Ta rarrafo daga kan katifar, ƙafafunta sun riga sun sanƙare. Ta shafa murfin, ta kama hannun akwatin ta gwada ɗagawa. Ta sake gwadawa. Sai ta ɗaga wa matan hannu suka yi shiru, ta ce kowa ya fita, ban da mijinta da ni.

Ta dubi mijinta.

“Uban Sentle,” ta ce, “ka zuba da yawa. Ni na haife shi, na san nauyinsa. Cire masa, kada su danne mini yaro.”

Ntate Lebusa ya durƙusa ya buɗe murfin. Ya riƙa fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini, ita tana gwada hannun akwatin tana cewa ya ƙara ragewa, har ba abin da ya saura a ciki sai ƙunshin bargon.