Namadi Bos

A Anka, in ka ce Namadi tela sai a tambaye ka wanne. Ka ce Namadi Bos, ko akuya ta san shagonsa.

Kalmar ta Turawa ce. Malam Atiku, mai koyar da Turanci a firamare, ya sha faɗa cewa a wurin masu ita shugaban aiki take nufi, amma wa ya saurare shi? Mu nan bos shi ne mugun cikin fim, wanda ake jira a ga ƙarshensa. Da samarin gari suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo wajen 1998, ba a yi wata shawara ba. Namadi na da jajayen idanu, ga tabon ƙuna tun yarinta daga kunci har wuya. Aka ce Allah ya kawo bos.

Bawan Allah kuwa ko kaza sai ya kai maƙwabta a yanka masa. Amma in ya hau fage ya yi dariyar nan, tsofaffi har tsine masa suke, shi ko yana jin daɗi.

Daɗin ya ƙare ran da ɗiyarsa Husaina ta daina kawo masa abinci shago. Ashe a makaranta ɗiyar bos ake kiranta, ba mai yarda ya zauna kusa da ita. In ya shigo gida sai ta laɓe bayan Innarta. Wannan ya ci masa rai ƙwarai.

Ya je ya roƙi shugaban ƙungiya.

"Dabo, wasan Sallah wanga ka ba ni mutumin kirki. Sau guda dai."

"Da wagga fuska?" in ji Dabo. Da ya ga ba wasa a idonsa, ya yarda.

Ran wasa, Namadi ya fito a manomin da ya tsinci maraya. Ya goya shi, ya ba shi fura. Fili ya yi tsit, kowa na jiran inda zai shaƙe yaron. Da aka ga shiru, sai wani ya ɗaga murya:

"Makirci na! Yaro, gudu!"

Dariya ta ɓarke. Namadi ya tsaya da ludayi a hannu, maganar da ya haddace ta gudu.

Sai ga wata 'yar murya daga cikin yara:

"Ba makirci ba na! Haka shika ba ni hura gida!"